Ƙasar da Baba Ya Ajiye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uban mijina ya rasu a ƙarshen bazarar bana, ina Badafi wajen jinyar mahaifiyata. Kafin ɗan aike ya iske ni, in goya 'yata in kamo hanya, har an kai shi makwancinsa. Sai washegari da hantsi na iso, ƙafa duk ƙura, na tarar ƙofar gida ta cika da maza a kan tabarmi.

Na rage tsawo na wuce ta gefensu, amma kunnena a buɗe yake. Liman yana cewa bai taɓa riga marigayi shiga masallaci da asuba ba. Wani mutumin Bebeji da suka haɗa iyakar gona ya ce shekara da shekaru ko taku ɗaya bai taɓa shigar masa ba. Wani tsoho daga Kiru, abokin wasansa, yana share ido da hannun riga, ya ce, "Allah ya jiƙan Sarkin Ruwa marar kogi." Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki a haɗiye ta da sauri.

Cikin gida kuwa mata ne har bakin rijiya. Na durƙusa na yi wa Inna, uwar mijina, gaisuwa. Ta kama hannuna ta riƙe. Na samu gefen tabarma na zauna kusa da gwaggon mijina, wadda ta zo daga Tudun Wada, ita ce kuma ke riƙe da zancen.

"Ni abin da ya fi girgiza ni," in ji ta, "tanadin da bawan Allahn nan ya yi. Likkafani kowane tsoho yana ajiyewa. Amma shi har tukwanen rufe kabarinsa ya tanada. A jere suke a bayan gadonsa, an kifa musu faifai an ɗaure da tsumma. Da aka buɗe, sai ga ƙasa a ciki, baƙa, mai laushi, babu tsakuwa ko ɗaya. Ƙasar yaɓe ma bai bar wa kowa wahalar nema ba."

Mata suka ɗauki kabbara. Wata ta ce mutuwar mumini ke nan, ya san ranarsa.

Na ce, "Gwaggo, waɗanne tukwane?"

"Na bayan gadonsa mana."

"An fasa su?"

"To da me za a yi da su, 'yar nan? Mijinki da baffansa suka fasa, aka jera a kan ɗan kabari, aka kwaɓa ƙasar aka toshe kafofin. An ce ba a taɓa ganin yaɓe mai kyau irinsa ba."

Na ɗora hannu a ka na kurma ihu. Mata suka yi kaina suna ba ni haƙuri, ina jin wata tana cewa a zamanin nan ba kowa ke dace da suruka irin wannan ba. Na bar su a haka, don ba ni da numfashin da zan yi musu bayani. Ƙasar nan ba don kabari Baba ya ajiye ta ba. Ƙwan kifinsa ne a ciki, kuma a iya saninmu su ne na ƙarshe. Bana ni ya ce zan zuba musu ruwa.

Wanda bai zauna a gidanmu ba zai ce makoki ya taɓa min kai, don haka bari in faɗa tun daga tushe, kada a manta da mutumin nan a kan abin da bai yi ba, a bar abin da ya yi.

A da akwai wasu 'yan kifaye da suke fitowa a tafkin da ke bayan garinmu da damina. Babbansu bai kai ɗan yatsa ba. Tafkin yakan ƙafe ƙarƙaf da rani har ƙasarsa ta tsattsage, babu rafin da yake shiga cikinsa, amma da ruwa ya zauna sai ka gan su. Saboda haka kowa ya yarda daga sama suke faɗowa tare da ruwa, ni ma da haka na tashi. Baba ne kaɗai ya san ba haka ba ne. Yana saurayi ya taɓa ɗebo lakar tafkin don yaɓen rumbu, ragowar ta bushe a cikin wani kasko, aka manta da ita. Da ruwa ya sauka kaskon ya cika, washegari ya leƙa ya ga wasu abubuwa suna motsi, ido biyu da wutsiya. Ya ce da daga sama suke, ai da randar gidan da turmi da kwatarniyar awaki duk sun samu rabonsu. Tun daga ranar bai ƙara yin damina babu kifi a gida ba. Da farko yana gaya wa mutane, da ya ga dariya suke yi sai ya daina.

Da damina kasakensa suna ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar gida, kowanne da laka a ƙasansa da faifai a bakinsa, don 'yan banzan tsalle gare su. Da ya dawo daga gona, kafin ya sha fura, sai ya ɗauki ludayi da 'yar ƙwarya ya shiga bin makwabta yana tambayar ko akwai tsohuwar tukunyar da ruwa ya kwanta a ciki, ya tace tsutsar sauro. Dattijo da furfura, yana sallama a ƙofar gidan mutane saboda tsutsa. Matan unguwa su shige ɗaki su yi ta ƙyaƙyatawa. Inna takan ce, "Mazan wasu kifi suke kawowa a ci, nawa shi yake ciyar da kifi." Shi kuwa ya amsa mata da cewa, "Ai ke ma ni nake ciyar da ke, kuma ba a cin ki."

Ni dai da aka kawo ni gidan nan ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba. Na ce kowane tsoho da irin tasa. Sai da Allah ya karɓi ɗana na fari tun kafin ya fara zama. Na shige ɗaki na kwanta, ba na ci, ba na magana, nono yana zuba ina kallonsa. Mata suka yi wa'azi har suka gaji. Wata safiya na ji an dire abu a bakin ƙofata, na ji gyaran muryar Baba. Bai yi min magana ba, ina shi ina yi wa matar ɗansa na fari magana. Da bango ya yi ta.

"Waɗannan biyun," in ji shi, "suna son a ba su abinci safe da yamma. Ni kuwa gwiwa ta sa ni gaba. In ba a samu mai ba su ba, shi ke nan, gobe sai a zubar."

Ya ja takalminsa ya tafi. Na ce a raina wace gwiwa, mutumin da jiya-jiya ya yi huɗa tun safe har azahar? Na juya na ba ƙofa baya. Can da yamma abin ya dame ni, na rarrafa na ɗaga faifan kaskon da ya dire. Suna nan su biyu, sun taso sama suna jira. Na tashi na nemi ludayi. Ranar na fara taka tsakar gida, kuma da na dawo na ji yunwa.

Duk wanda ya san ni ya san ba na barin magana ta kwana. Mijina ya sani, matan bakin rijiya sun sani, mai tallan manja ma ya sani. Amma a gaban tsohon nan bakina mutuwa yake yi. Haka muka tarar, suruki da matar ɗa ba sa haɗa ido, ba na kiran sunansa, in ya shigo in durƙusa in kawar da kai. To, a cikin wannan kunyar ya koya min duk abin da na sani. Yakan tsuguna gaban kasakensa ya yi ta zance da kifin, da murya mai ƙarfin da ta fi ta zance da kifi.

"Ku 'yan nan, kun ga ruwan rijiyar can? Sai ya kwana a randa kafin ya taɓa jikinku. Wanda ya zuba muku shi da ɗanyensa ya kashe ku."

Ni ina daka a gefe, sai in sassauta taɓarya. Da ya ji dakan ya yi sanyi ya san ana saurare, sai ya ci gaba.

"Kai kuma ja'iri, an gaya maka maza biyu ba sa zama a kasko ɗaya. Dubi yadda ka yayyage wa ɗan'uwanka wutsiya. Namiji ɗaya, mata biyu ko uku, da 'yar ciyawar da za su ɓuya in ka ishe su."

Da na haifi 'yar da nake goye da ita, sai muka samu ɗan aike. Shi yana kiran ta Amarya, kamar yadda kakanni suke yi. Tun ba ta san hannunta ba muke aiken ta. In ce, "Amarya, tambayi angonki, in ba a samu tsutsa ba me za a ba su?" Shi kuma daga gindin darbejiya ya ce, "Amarya, gaya wa mai goyonki suna cin gara, amma a murtsuke ta, bakinsu ƙarami ne." Yarinya tana barci a bayana, miyau yana zuba, ba ta san ana ta ciniki a kanta ba. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin jaririyar da ta kai wannan yawan surutu ba.

Ta bakin Amarya na ji cewa in ruwa ya yi wari a rage shi kaɗan-kaɗan, kada a juye gaba ɗaya. Ta bakinta na ji ana jefa busasshen ganyen marke a ciki har ruwan ya yi kalar shayi, sun fi sakewa a haka. Abin da ya fi komai kuwa, tun kafin a haife ta na koye shi. Kifin nan damina ɗaya ce rayuwarsu. Suna ta nutsa kai a laka suna zuba ƙwai, da an fara yankan gero sai su tsufa, bayansu ya lanƙwashe, su bi juna ɗaya bayan ɗaya. Shekarar farko na yi kuka. Baba ya ce wa kaskon, "Mai kuka ta yi haƙuri. Ba sa tafiya sai sun bar saƙo a ƙasa." Sai ya tsiyaye ruwan, ya bar lakar ta sha iska a inuwa har ta kai yadda in ka dunƙula ta za ta dunƙulu, in ka matse ba ta ɗiga. Ya juye a tukwane masu faɗin baki, ya kifa faifai, ya ɗaure, ya kai bayan gadonsa inda babu rana. A nan suke rani. Ba ya buɗe su da ruwan farko, yakan ce ruwan farko ko manomi mai hankali ba ya shuka da shi. Sai ranar da gari ya fita shuka, shi ma ya tari ruwan sama ya zuba wa tasa shukar. Kuma ba ya zubar da lakar bayan an ƙyanƙyashe, yana sake shanya ta ya kuma jiƙawa, wai a cikinsu akwai masu wayo da ba sa fitowa a kiran farko.

Sau ɗaya na ga Baba ya yi faɗa, da ƙanensa kuwa, Baffa, wanda suke ciki ɗaya. Shekarar da aka zo aikin hanyar da motocin gyaɗa za su riƙa bi, masu awo suka kafa turakunsu ta tsakiyar gonar Baffa. Baffa ya yi ta zirga-zirga wajen mai gari har aka karkatar da hanyar ta bi ta kan tafkin, tunda tafki ba gonar kowa ba ne. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, mutum ne mai iyali da yawa, gonar kuma ita ke nan gare shi. Amma Baba bai ji labari ba sai da motoci suka fara juye marmara. Ya kwashi tukwane da fartanya ya tafi cikin tsakar rana, yana haƙar busasshiyar laka, leburori suna tambayarsa ko zinariya ya binne. Da yamma muka ji su a zaure, har cikin gida.

Baffa yana cewa, "Yaya, gonata za a ci fa! Abincin 'ya'yana za ka haɗa da wasan yara?"

Baba ya ce, "Ban ce a ci gonarka ba. Cewa na yi da ka gaya min. Kwana biyu kacal da na kwashe abin da zan kwashe. Gonar nan jiya-jiya ka gaje ta, su kuwa suna wurin tun kakanmu bai sari dajin nan ba."

"Allah da ya saukar da su bara zai saukar da su baɗi."

"Kai dai ba ka ji, tun kana yaro."

Daga ranar suka raba akushi. Sai da azumi ya zo Inna ta haɗa musu buɗa-baki a ƙwarya ɗaya da gangan, ta ce wanda ya ga dama ya kwana da yunwa. Suka sha, aka wuce wurin, amma ban ƙara jin Baba ya yi zancen kifi a gaban ƙanensa ba.

Da daminar ta zo ya ɗauki sanda da gora ya shiga nema, ko akwai wani tafkin da yake da irinsu. Ya bi ta Kiru, ya gangara Tudun Wada, har ya doshi duwatsun Doguwa. Ya dawo ƙafa a kumbure. Ya zauna ya ce wa Amarya, "Ruwan can gudu yake yi, su kuwa ba sa son ruwa mai sauri. Na kusa kuma duk sun haɗe da rafi, manyan kifi sun shiga. Mu kaɗai muka rage musu." Ban sani ba ko akwai su a wata ƙasar, duniya da faɗi. Amma a inda ƙafar Baba ta kai babu.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani ɗan koli ya zo daga Kano da wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki, irin wadda ake zuba alewa a kanti. Baba ya ba shi zakara ya karɓa. Ya wanke ta, ya zuba ruwan kasko, ya kamo namiji ɗaya ya saka, ya ɗaga ta saitin hasken hantsi. Tun yana saurayi yake kiwon abin nan, amma kullum daga sama yake ganin su, baƙin baya kawai da motsi, sai fa in ya kamo ɗaya a tafin hannu yana fisge-fisge. Ranar ya fara ganin su ta gefe, a cikin ruwa, sun baza fiffike. Ya ƙura wa kwalbar ido. Ya ce, "Ashe haka kuke. Duk shekarun nan ashe haka kuke." Ya manta da Amarya, ya manta da bango, ya miƙo min kwalbar hannu da hannu, na karɓa ni ma na manta ban durƙusa ba.

A daidai lokacin mijina ya fito daga ɗaki da sauri. Shi harkar gyaɗa yake yi, yana saye a ƙauyuka yana kai wa masu awo, kullum ƙafarsa a waje. Baba ya ce, "Kai, zo ka ga wani abu."

Ya ce, "Ina zuwa, Baba, mota tana jira."

Ba rashin kunya ya yi ba, kada a ce na ce. Ɗa ne mai biyayya, bai taɓa barin uban ya nemi goro ko riga ba. Mota kuwa da gaske tana jira. Baba ya bi bayansa da kallo, ya mayar da kifin kasko, don ya ce kwalba ta kallo ce, ba ta zama ba. Yanzu gishiri Inna take zubawa a cikinta.

Ranar da zan tafi Badafi na je na durƙusa daga nesa. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya rame, amma ba ciwon da za a ce na tafiya ne ba. Ya ce, "Amarya, gaya wa mai goyonki ta gaishe da mai jiki. Kuma kada ta daɗe, gabas ta fara yin baƙi. Bana ita za ta zuba ruwa, hannuna rawa yake yi." Na ce, "Amarya, ce masa to." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Shekarun nan duka ban taɓa duban idonsa na ce na gode da bakina ba, kullum ina cewa akwai lokaci. Kunya abu ce mai kyau, ban ce a daina ba, amma ta ci min wannan, kuma ina jin zafinsa.

Na daure har aka yi sadakar uku baƙi suka ragu. Da safe na tarar da mijina da Baffa a ƙofar ɗakin marigayi suna fitar da kayansa, Inna tana zaune daga gefe da carbi. Na durƙusa na gaishe su. Daga nan bakina ya dawo.

Na ce, "Malam, ka san abin da kuka kwaɓa?"

Ya ce, "Ƙasa mana. Da hannuna na taɓa ta."

"Ƙwan kifin Baba ne. Kowace shekara daga cikin tukwanen nan suke fitowa."

Ya dube ni kamar na yi masa Fillanci. "Kifi ai da damina yake yin su, a kasko. Waɗannan kusa da likkafaninsa muka same su."

"To ina zai ajiye su? Ɗaki nawa gare shi?"

Ya juya wajen uwarsa. Inna ta ce, "Na san ta kifi ce. Amma wa ya tambaye ni? Ina ɗaki ban san duniyar da nake ba, sai ƙarar fashewa na ji."

Mijina ya ce, "Me ya hana shi gaya min?"

Na ce, "Ya kira ka."

Da na san yadda maganar za ta sauka a kansa da na rage mata kaifi, amma ta riga ta fita. Ya zauna a kan turmi. Baffa kuwa, wanda shi ya fara cewa ga tanadin Yaya a yi amfani da shi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta. Can ya ce, "Sau biyu ke nan ina binne masa su." Ya fita, bai ɗauki takalminsa ba, sai daga baya aka bi shi da shi.

Ba don mugunta suka yi ba. Girmama shi suka yi, da abin da suka san dattijon kirki yana yi. Wannan ne ma ya hana ni samun wanda zan zaga in huce. Abin da yake hana ni sukuni kuwa shi ne ruwan da aka kwaɓa ƙasar da shi. Na san su. Da sun ji danshi za su ɗauka damina ce ta zo.

Duk da haka ban saki ba. Na share bayan gadon Baba tas, na tattara ƙurar a faifai. Mijina ya je inda aka fasa tukwanen ya tsinto 'yan tsingaron da ba a ɗauka ba, na kankare lakar da ta manne a jikinsu. Duka-duka ba ta cika tafin hannu biyu ba. Aka yi ruwan farko na ƙyale. Ranar da gari ya fita shuka na tari ruwan sama na zuba, na yi bisimilla, na kifa faifai. Washegari na ɗaga, babu komai. Na yi ta ɗagawa har tsutsar sauro ta cika kaskon, abinci ya zo babu masu ci. Na tsiyaye, na shanya, na sake jiƙawa saboda masu wayo. Su ma ba su fito ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sanyaya masa shi kamar yadda ya sanyaya wa ƙananan bayin Allah wurin zama. Ya ba shi ladan kowace tsutsa da ya tace, da ladan wata yarinya da ya tasa daga kwance ba tare da ya ce mata uffan ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ranar da na kife kaskon, mijina yana tsaye yana kallo. Da gari ya waye na nemi sandar Baba da gorarsa na rasa, shi ma babu shi. Ga noman farko ya kama, ciyawa tana neman cin gero, mutumin da ba ya wasa da aiki ya bar wa ƙannensa gona ya tafi. Waɗanda suka dawo daga kasuwar Bebeji suka ce sun gan shi a bakin wani tafki, wando a naɗe, yana tace ruwa da hularsa.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo da la'asar, ruwa ya yi masa duka, ƙaya ta yayyaga masa riga. Yana rungume da ƙwarya a ƙirji, yana tafiya a hankali kada ta fantsala. Ya dire ta a gabana ya tsuguna, ya ɗaga ganyen da ya rufa. Fuskarsa kamar ta yaron da ya kawo allo a duba masa.

Ya ce, "Su ne?"

Na leƙa. 'Ya'yan karfasa ne, farare, irin waɗanda suke cike da kowane rafi. Na so in ce su ne, wallahi na so. Amma Baba bai taɓa yi wa kifin nan ƙarya ba, ni ma ba zan fara ba.

Na ce, "A'a, Malam. Ba su ba ne."

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ruwa yana ɗiga daga gemunsa yana faɗawa ciki. A gidan nan aka haife shi, a gindin darbejiyar nan ya yi rarrafe, a tsakanin kasaken nan ya girma har ya yi furfurar farko. Ya ɗago kai.

Ya ce, "To gaya min. Yaya suke?"